Zuwana Duxford da jirgin kayan da aka ciro daga jikin Lancaster

Biki ne ya kai ni Ingila, ɗan yayata ya gama digirinsa na biyu a Cambridge, to bayan an gama hotuna da su hula da riga da taya murna sai na ce masa ni fa akwai inda nake so ka raka ni kafin in koma gida. Ya ce ina Kawu, Landan ko Manchester wajen ƙwallo? Na ce Duxford. Yaron nan ya yi zaman karatu a garin amma wlh bai taɓa taka wurin ba, alhali daga Cambridge tafiyar 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa, ka sauka wata 'yar tasha da ake ce wa Whittlesford Parkway sannan ka taka da ƙafa wajen rabin awa a gefen babban titi. Mun taka ɗin kuwa, motoci na wuce mu fuu, ga wata iska mai shiga ƙashi duk da wai a wurinsu lokacin zafi ne, ni da babbar riga da hula iska na ta kaɗa ni shi kuma yana ta dariya yana cewa ai na faɗa maka ka sa jaket Kawu.

Duxford tsohon filin jirgin sojan sama ne tun zamanin yaƙin duniya na farko. A nan ne aka fara raba wa wata runduna jirgin faɗa na Spitfire a 1938, daga baya Amurkawa suka zauna a wurin a 1943, sojan saman Birtaniya suka tashi daga filin a 1961, yanzu gidan tarihin yaƙi na ƙasar ne ke riƙe da shi. Har babbar hanyar M11 da aka yi ta datse wa titin saukar jiragen wani yanki. Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen tarihi shi ne har gobe jirage na tashi a wurin, kana cikin tafiya tsakanin rumfunan ajiye jirage sai ka ji wani tsohon inji ya ɗauka, kowa ya tsaya ya ɗaga kai, tsofaffin turawa da manyan kyamarori suna ta ƙyas ƙyas. Girman wurin kuma ba a magana, ƙafa sai ta gaya maka.

Babbar rumfar da ke kusa da ƙofar shiga ita muka fara, a nan aka tara jiragen Birtaniya, kuma kana shiga za ka ga inda jama'a suka yi. Concorde, jirgin fasinjan nan da ya fi sauti gudu. Layi ne har da yara 'yan makaranta da malamansu, kowa na so ya shiga ya leƙa. Ɗana ma can ya nufa, na bar shi na bi ta wani gefen, don ni abin da ya kawo ni daban, wani tsohon jirgin dakon kaya ne mai suna Avro York. Na fara tsayawa gaban Lancaster, jirgin jefa bam na Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, wannan ɗin a Kanada aka ƙera shi, cikinsa baƙi ƙirin saboda da daddare yake aiki, samansa kore da ruwan ƙasa, injina huɗu, ga ɗakunan gilashi na masu bindiga gaba da baya da sama. In ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashinsa za ka ga ramin bama-bamai mai tsawon wajen mita 10, kuma wlh jikina sai da ya yi sanyi, don ka san abin da aka yi da wannan ramin a Hamburg a 1943 da Dresden a 1945. An ƙera 7,377 irinsa, mutum 7 ke shiga kowanne, kuma rundunar masu jefa bam ta Birtaniya ta rasa sama da mutum 55,000 a yaƙin, yawancinsu samari ne sa'annin ɗan nan da ya rako ni.

A rumfar nan dai ɗan uwan Lancaster ɗin yake tsaye, Avro York, babu kowa a gabansa sai ni. Gaskiya ba kyakkyawa ba ne, kar in yi muku ƙarya. Jikinsa mai kusurwa huɗu ne, gefensa a miƙe sambal, tagogi 'yan zagaye a jere, cikinsa ya kusa taɓa ƙasa, fukafukan kuma a can sama a kafaɗa aka ɗaura su, an yi masa fentin kamfanin Dan-Air da jan layi a jiki. Na matsa kusa sosai har ina ganin kawunan ƙusoshin da aka dinga bugawa layi layi, da ɗan lotsawar da kwanon jikin ya yi tsakanin layi da layi, irin ta abin da ya sha aiki. Sai na koma baya na tsaya inda zan iya kallon su biyun, in kalli fiffiken wannan in kalli na wancan, abu ɗaya ne sak, faɗinsa mita 31, injin Merlin guda huɗu na Rolls-Royce iri ɗaya, manyan tayoyin nan da ke naɗewa cikin bayan inji iri ɗaya, wutsiyar ma faranti biyun nan masu siffar ƙwai duk na Lancaster ne. Sai dai shi York an ƙara masa na uku a tsakiya.

Ina cikin wannan kai da komon wani dattijo cikin masu aikin sa kai na wurin ya lura da ni, ya zo ya ce yallaɓai ka daɗe a nan, da na gaya masa daga Najeriya nake kuma jirgin nan na zo gani sai fuskarsa ta washe, ina jin ya daɗe bai samu wanda zai zazzage wa labari ba. Ɗana ya dawo daga Concorde ya same mu, shi ya dinga taya ni kama turancin tsohon don yana haɗiye rabin magana.

Asalin abin shi ne a 1941 injiniyan kamfanin Avro, Roy Chadwick, wanda shi ne ya zana Lancaster ɗin, ya hango cewa Birtaniya ba ta da babban jirgin dakon kaya mai dogon zango, duk ƙarfin masana'antunta ya tafi wajen jiragen faɗa, in ana son kai sojoji ko kaya nesa sai an dogara da na Amurka. Zana sabon jirgi daga tushe kuwa shekaru yake ci, ga yaƙi ana tsakiyarsa. Sai ya ce to a bar fiffike da inji da taya da wutsiya yadda suke tunda ana ƙera su kullum kuma an san halinsu, a canza gangar jiki kawai. A watan Fabrairun 1942 ya miƙa zane, ranar 5 ga Yulin 1942 na gwajin farko mai lamba LV626 ya tashi daga filin Ringway na Manchester. Wata biyar fa. Na ce wa ɗana ai wannan aikin masu haɗa bodin katako ne na gida, a kawo musu kan mota da shasi da inji su ɗora nasu bodin a loda buhuna, bambancin kawai wannan sama zai tashi. Tsohon ya sa aka fassara masa, ya yi dariya ya gyaɗa kai.

Ɗana da yake ɗan boko ne sai ya ce to me ya sa ba a cire bindigogin Lancaster kawai an zuba kujeru ba, ai ya fi sauƙi. An yi hakan ma, shi ne Lancastrian, amma fasinja 9 kacal yake ɗauka a doguwar tafiya saboda cikin Lancaster siriri ne, kuma ƙashin fiffiken ya ratsa ta tsakiyar jirgin, sai mutum ya haura shi kafin ya wuce gaba. Shi ya sa Chadwick ya ɗaga fiffiken York ya kai shi sama, ƙasa ta zama fili fetal daga gaba har baya, daɓen ya sauko kusa da ƙasa yadda lodi ba zai yi wuya ba, cikin ya ninka na Lancaster. Sojoji sama da 50 yake kwashewa, ko kaya wajen tan 9.

Maganar wutsiya ta uku kuma ita ce ta fi burge ni don a nan kake ganin amfanin jirgin gwaji. LV626 da wutsiya biyu ya tashi irin ta Lancaster, amma da aka gwada sai aka ga faffaɗan gefen nan na gaba yana kama iska, jirgin ba ya son tsayawa kan hanya sosai, shi ne daga na gwaji na uku aka dasa ƙarin faranti a tsakiya, duk waɗanda suka biyo baya da shi suka fito. Shi kuma LV626 bai huta ba, daga baya aka cire masa Merlin aka ɗaura masa injin Bristol Hercules don a ga ko zai fi, aka kira shi samfuri na biyu, ba a ci gaba da wannan ba, shi kaɗai ne aka taɓa yi wa haka. Kuma ba a ajiye shi ba. Wannan ya ɗan sosa min rai, ga Concorde can na gwaji an adana shi tas ana ta layi a kansa, shi kuwa wanda aka koyi komai a jikinsa babu shi, cikin York sama da 250 da aka ƙera biyu kawai suka rage a duniya.

Da an gama gwaji za ka ɗauka sai ƙira ta kankama, ina, gwamnati ta ce Lancaster ne gaba da komai, duk fiffike da injin da aka ba York an rage jirgin bam guda ke nan, don haka har ƙarshen 1943 bayan na gwaji huɗu guda uku kacal aka fitar. 'Yan kaɗan ɗin nan kuma manya suka rabe su, ai ka san hali. Na gwaji na uku mai lamba LV633 aka gyara shi ya zama na firaministan Birtaniya Winston Churchill, aka sa masa suna Ascalon, aka yi masa tagogi masu kusurwa maimakon zagaye, da wurin zama da na kwana, shi ya kai Churchill Aljeriya a 1943 kuma a shekarar ya ɗauki Sarki George na shida zuwa arewacin Afirka wajen duba sojoji. Jan Smuts na Afirka ta Kudu ya samu nasa, Janar de Gaulle na Faransa ma haka, Mountbatten, babban kwamandan Birtaniya a kudu maso gabashin Asiya, shi ma haka. Jirgin da aka zana don dakon kaya sai ga shi ya fara rayuwa da ɗaukar masu mulki, sai bayan yaƙi ya koma ainihin aikinsa.

Ainihin aikin kuwa a Berlin ya same shi. A watan Yunin 1948 Tarayyar Sobiyet ta toshe duk hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa masu shiga yammacin Berlin, mutum wajen miliyan 2 a ciki, sai Amurka da Birtaniya suka ce ta sama za su ciyar da garin. Toshewar ta kai har watan Mayun 1949, jigilar kuma ta ci gaba zuwa Satumba, aka kai kaya sama da tan miliyan 2 kuma mafi yawansa kwal ne na wuta da ɗumama ɗaki, sauran fulawa da busasshen dankali da madara da makamantansu. York na tashi daga Wunstorf a yammacin Jamus yana sauka filin Gatow na Berlin dare da rana, a sauke a juya a sake lodi. Wannan da nake tsaye gabansa yana cikinsu, lokacin lambarsa ta soja MW232, kuma shi ne ya ɗauko kayan da suka cika tan 100,000 na ɓangaren sojan saman Birtaniya. Tsohon ya nuna min wani ƙaton jirgin ruwa mai tashi, Sunderland, a rumfar, ya ce irinsa ke kai gishiri yana sauka kan tafkin Havel saboda jikinsa an yi shi don ruwan teku, gishiri ba ya cin sa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne shekara biyar kafin nan, daga ƙarshen 1943 zuwa Maris 1944, fiffiken nan dai da injin nan dai su ne suke zuwa Berlin da daddare suna sauke mata wuta. Mutumin Berlin da ya ji ƙarar Merlin huɗu a 1943 ya ruga rami, shi ne a 1948 yake jin ƙarar nan dai yana lissafin burodi. Turawa suna son ba da labarin nan da sigar tausayi da yafiya, ni kam ban saya duka ba, siyasa ce tsagwaronta, ba sa so Stalin shugaban Tarayyar Sobiyet ya haɗiye garin ne, da babu Rasha a gefe ban ga alamar za a yi wannan ɗawainiyar ba. Na faɗa wa ɗana haka da Hausa, ya ce Kawu kar in fassara wannan ko, na ce bar shi a tsakaninmu. Amma dai mutane sun ci sun rayu, wannan ba a musu.

Daga nan rayuwar jirgin ta zama irin ta tsohon ma'aikaci. Dan-Air suka saye shi a 1954 lambarsa ta koma G-ANTK, ya yi ta dako zuwa Afirka da gabas mai nisa har Ostireliya, aka ajiye shi a 1964, sai ya zama ɗakin kwanan yara 'yan sikawut a filin Lasham, ka ji fa, jirgin da ya yi Berlin yara na shimfiɗa a cikinsa. A 1986 aka kawo shi Duxford a mota, 'yan sa kai irin dattijon nan suka shafe wajen shekara 20 suna gyaransa a hankali. Da yake ba ni wannan ɓangaren har muryarsa ta canza, yana shafa gefen shingen da aka kewaye jirgin da shi.

To ga inda abin ya zo gida. Bayan yaƙi BOAC, kamfanin jiragen fasinja na gwamnatin Birtaniya, da York yake yin hanyar Afirka ta Yamma, daga Landan a sauka Turabulus, a ƙetare Sahara a sauka Kano, sannan Legas, sannan Accra. Kafin shi ma wani jirgin ne da aka juya daga jirgin bam na Halifax, ana ce masa Halton. Wato iyayenmu da kakanninmu na wajen Fagge da Kurna da suka ɗaga kai a ƙarshen shekarun 1940 irin wannan mai wutsiya ukun suka gani yana saukowa, hanyar da ayarin raƙuma ke yin wata da watanni tsakanin Turabulus da Kano shi yana yinta cikin sa'o'i. A watan Agustan 1950 aka maye gurbinsa a hanyar da Handley Page Hermes, kuma abin daɗi gangar jikin Hermes ɗaya tilo da ta rage ita ma tana Duxford, babu fiffike babu wutsiya. Kano dama tsohuwar mahaɗa ce ta sama, tun Nuwamban 1925 jiragen sojan Birtaniya uku suka sauka a garin daga Masar, lokacin yaƙi kuma ta nan ake bi da jiragen da aka haɗa a Takoradi zuwa Maiduguri da Fort Lamy, Njamena ta yanzu, har Khartoum da Alƙahira. Da na lissafa wa dattijon wannan sai ya zama ni ke ba shi labari, ya ciro ɗan littafi daga aljihu yana rubutawa, har ya sa na maimaita masa Maiduguri.

Kar kuma wani ya ɗauka tafiya a York daɗi ce. Ba a matse iskar cikinsa ba irin jiragen yanzu, don haka ba ya hawa can ƙololuwa, a tsakiyar zafi da guguwar Sahara yake ratsawa yana jijjiga mutane, ga injina huɗu dab da tagogi suna ruri tun daga tashi har sauka. Haɗari ma ya yi su ba kaɗan ba. A Satumban 1946 wani ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Bathurst ta Gambiya, Banjul ke nan yanzu, mutum 24 suka rasu, a Fabrairun 1953 wani ya ɓace a tekun Atlantika da mutum 39, a Fabrairun 1956 wani ya faɗi a Malta da mutum 50. Jirgi ne na cike giɓi, an yi shi cikin gaggawa da abin da ke hannu, da Amurkawa suka shigo da irin su DC-4 da Constellation masu tayar gaba sai fasinja suka guje shi ya koma kaya da sojoji. Shi kansa Chadwick bai ga aikin Berlin ba, ya rasu ranar 23 ga Agustan 1947 a Woodford cikin wani jirgin gwajin nasa, Avro Tudor, saboda an haɗa wayoyin sarrafa fiffike a juye lokacin gyara, matuƙi ya karkata dama jirgi ya tafi hagu.

Mun leƙa ɓangaren Amurkawa daga baya, ginin da Norman Foster ya zana, ga B-52 ya cika wuri ga B-29 ga baƙin nan SR-71, ɗana ya ce shi nan ne ya biya kuɗinsa. B-29 ɗin ma haka aka yi masa, Boeing suka ɗauki fiffikensa da injinsa suka ɗora sabon jiki ya zama jirgin kaya C-97, dabarar ba ta Chadwick kaɗai ba ce, kowa ya fito yaƙi da tulin jiragen bam sai ya nemi yadda zai ci moriyarsu. Amma lokacin ƙafata ta riga ta gaji, yunwa kuma ta taso, muka samu gefen ciyawa muka yi sallah muka ci guzurin da yayata ta cusa mana a jaka, dambun nama da burodi, Allah ya saka mata don abincin sanyin nan nasu ba ya riƙe ni. Magariba kuma a babban masallacin Cambridge na Mill Road muka yi ta, wanda aka buɗe a 2019 mai ginshiƙan katako, duk wanda ya je garin ya daure ya shiga.

Wanda ke da niyyar zuwa Duxford ya fita da sassafe, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya ɗauki rigar sanyi ko da an ce masa ana rana, ya kuma duba kar ya faɗa ranar bikin wasan jirage in ba shi ya je gani ba don ranar cika ake yi maƙil kuma tikitinta daban. Ɗayan York ɗin da ya rage yana gidan tarihin sojan sama na Cosford wajen Wolverhampton, shi tsohon na BOAC ne, shiga can kyauta ce kuma tashar jirgin ƙasa na kusa. Na ce wa ɗana mu je kafin ranar tafiyata, ya ce Kawu don Allah ka bari in huta, jirgi ɗaya ne fa da wanda ka gani, na ce ai wancan na kamfanin da ke sauka Kano ne, ka duba mana kuɗin tikitin jirgin ƙasa kawai.